Kunyoyin da jijiya take bi

Idan lauje ko gilashin mota ya yanke jijiyar ji da motsi a wuyan hannu, fata takan warke cikin ƴan makonni, amma yatsu su zauna kamar na wani. Jijiyar tana sake tsirowa, wajen milimeta 1 a yini. Wahalar ita ce hanya: in giɓin da ke tsakanin bakin yanka biyu ya yi faɗi, sabon tsiro yakan ɓace, ya cukurkuɗe, ya zama ƙulli mai zafi.

Tun 1907 wani masani na Amurka, Ross Harrison, ya raya ƙwayoyin jijiyar ɗan tayin kwaɗo a kan gilashi, ya ga zarensu yana miƙewa. Bayan ƴan shekaru ya shimfiɗa wa ƙwayoyin ɗan tayi yanar gizo-gizo, sai ga su suna bin zarenta kamar yadda duma yake bin darni. A 1945 Paul Weiss ya karce wani dutse mai sheƙi, jijiyoyi suka bi kartar. Ashe kan jijiya lalube yake yi, kamar makaho da sandarsa.

Yau ana zana waɗannan kunyoyi da dabarar da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ita, faɗinsu bai kai na gashin kai ba. Wasu masanan kuma sukan shafa layuka na abin da jijiya take son mannewa gare shi, su bar tsakaninsu fayau.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an gama. A 1997 masu bincike a Aberdin, ƙasar Sikotilan, suka ga jijiyoyin lakar kwaɗo suna bin kunya a tsawonta, alhali kuwa na ƙwaƙwalwar ɓera, in kunyar siririya ce marar zurfi, gicciye ta suke yi. Kowace jijiya da halinta, kuma abin da ya yiwu a kan gilashi ba lalle ya yiwu cikin nama ba.

A asibiti, bututun da ake haɗa bakin jijiya biyu da shi ba ya cika amfani in giɓin ya wuce santimeta 3. Daga nan likita yakan yanko jijiya daga ƙwaurin majinyaci ya dasa a hannu, gefen ƙafar kuwa ya rasa ji. Wannan asarar ce masu zana kunyoyi cikin bututu suke neman kawarwa.