"Babu rezo": yadda aika kuɗi a Nijar ya rataya a wuyan kwamfuta

A da, ɗan ci-rani da ke Abijan ko Kwatano sai ya jira mai zuwa gida, ko ya damƙa wa direba ambulan, kafin kuɗin cefane ya isa Tasawa ko Madawa. Yau cikin ƴan mintoci iyali ke karɓa a reshen Nita, Amana ko Al Izza.

Sai dai ba takardun sefa ne ke tafiya ba. Ma'aikacin da ke kan kanta yana shigar da suna, lambar waya da adadin kuɗin a kwamfuta, bayanin ya faɗa babbar ma'ajiyar kamfanin, a fitar da lambar sirri. Reshen da ke can gida kuma ya biya daga kuɗin akwatinsa. Wannan manhajar ce ke nuna wa shugabanni reshen da kuɗi ya taru da wanda ya kusa ƙarewa, musamman dab da sallah.

Ke nan jarin kamfani na gaskiya shi ne bayanan nan, su kuwa ba sa motsi sai da wuta da intanet. An ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take samar da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar, ta katse wuta saboda takunkumin CEDEAO. An sake gani ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, matsalar ta taɓa har Nijar da ba ta da teku. A irin wannan rana, kuɗi na cikin akwati, mai shi na tsaye, amma babu halin biya.

Shi ya sa faifan sola, janareta da layin intanet na biyu suka zama kayan aiki kamar kujera da tebur. Zuwan Starlink a 2025 ya ƙara zaɓi, musamman ga garuruwa na nesa.

Saura batun amana. Kowace aika tana barin suna da lambar mutum a ma'ajiya. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan jama'a, aka kuma kafa hukumar HAPDP don ta sa ido a kai. Amma doka ba ta tsare wanda ya karanta wa baƙuwar murya lambar sirrinsa a waya.