Ba Kowane Ciwon Ciki Ba Ne Olsa: Yadda Sikanin Ke Gano Macijin Ciki A Hanyar Matsarmama

Uwargida, da an ce "sikanin" sai tunaninki ya tafi wajen awon ciki. To, wannan na'urar da ke nuna miki jinjiri tana kuma tona asirin wani baƙo mara sallama, wato macijin ciki.

Gidan wannan tsutsa ƙaramin hanji ne, kuma takan kai tsawon santimita 35. Tana da son kutsa kai cikin kowace kafa. Wani lokaci takan shige siririn bututun da ke kawo ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji, ta toshe shi. Daga nan sai ciwo mai murɗawa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da amai, wani sa'in har da zazzaɓi da shawara. Nan ne ake ruɗewa, a yi ta shan maganin olsa ko jiƙe-jiƙe, ciwo yana nan.

Likitocin Srinagar da ke yankin Kashmir na Indiya sun yi fice wajen bayyana wannan matsala. A 1990, Dakta Mohammad Sultan Khuroo da abokan aikinsa sun wallafa bayanan majinyata 500, kuma mata suka fi yawa.

A allon sikanin, tsutsar takan fito kamar doguwar igiya mai layi biyu da duhu a tsakiya. Tsakuwar matsarmama tana jefa inuwa a bayanta, tsutsa kuwa ba ta yi. In tana da rai, likita yakan ga tana motsi. Babu yanka, babu allura, mai juna biyu ma ana yi mata. Galibi dai za a ce a zo ba a ci komai ba na wasu sa'o'i.

Sau da yawa tsutsar takan koma hanji da kanta yayin da ake jinyar mutum, sannan a ba shi maganin tsutsa. In ta maƙale, sai a zura na'ura ta baki a ciro ta. Barinta haɗari ne, domin in ta mutu a ciki tana iya zama tushen tsakuwa ko ta jawo ruɓa.

Macijin ciki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ƙwansa yana fita ta bayan gida, ya dawo ta hannu mai datti da latas ko kabejin da ba a wanke sosai ba. Ki riƙa wanke wa yara hannu da sabulu, ki tambayi ma'aikacin lafiya lokacin ba su maganin tsutsa. In ciwon gefen dama ya haɗu da zazzaɓi ko ido ya yi ɗorawa, kada a kwana a gida, a tafi asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya.