Shekarar 2010 a Yammacin Zamfara: Lissafi Uku, Shekara Ɗaya

Bahaushe yana ƙidayar shekara ta hanya uku, watau Hijira domin ibada, Miladiyya domin aikin hukuma, da kuma zagayen rani, bazara, damina da kaka domin noma. Amma a bakin dattawa shekara takan ɗauki sunan babban abin da ya auku cikinta, kamar yunwar Kakalaba ta 1914. Bari mu gwada wannan da shekarar 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi.

A lissafin Hijira, yawancin 2010 ya faɗa cikin 1431. An ɗauki Azumi a watan Agusta, tsakiyar damina, aka yi Ƙaramar Salla a Satumba, Babbar Salla kuwa a tsakiyar Nuwamba, da kaka. A lissafin hukuma, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ran 5 ga Mayu, kuma ran 1 ga Oktoba Nijeriya ta cika shekara 50 da samun mulkin kai.

Duk da haka, abin da ya fi girgiza wannan yanki gubar dalma ce. Da zinariya ta yi tsada, sai mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adinai cikin gida, suna dakawa suna niƙawa. Duwatsun kuwa cike suke da dalma, ƙurarsu ta baɗe tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris, da bazara, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Bala'in ya shafi ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ya ci ran yara wajen 400. Aka fara kankare gurɓatacciyar ƙasa a watan Yuni, ana tsere da damina, amma Bagega sai a 2013 aka tsabtace ta.

Darasi ga mai tattara tarihin baka shi ne kada ya tsaya ga tambayar lambar shekara. Ya tambayi uwa ko da Azumi ta haihu ko da kaka, kafin zuwan likitoci ko bayansa, sa'an nan ya gwama amsar da kalanda. Ta haka ake gane shekarun yaran da suka tsira, waɗanda dalma kan raunana musu ƙwaƙwalwa, kuma malaman makaranta suna bukatar sanin wannan.