Yadda Ake Ɗora Farantan Sola a Rufin Ƙaramin Ɗakin da Mota ke Ja

A Amurka da Turai da Ostireliya, iyalai da dama na da ƙaramin ɗakin tafi-da-gidanka da ake ɗaura wa mota ta ja shi, mai gado da madafi da firji. A jihar Indiyana ake ƙera akasarin na Amurka, musamman a yankin Elkhart. Duk lokacin sanyi kuwa, dubban masu irin waɗannan ɗakuna kan yada zango a hamadar Quartzsite da ke jihar Arizona, nesa da turakun lantarki. A irin wannan wuri, mutum ya dogara ne da janareta ko da hasken rana, shi ya sa farantan sola suka samu karɓuwa.

Sai dai rufin wannan ɗaki ya bambanta da rufin gida, domin yana gudu a kan titi. Ƙarfin bugun iska na ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, bugun iskar kan ninka sau huɗu. Farantin wat 100 mai firam ɗin ƙarfe ya kai nauyin kilo shida zuwa bakwai, kuma idan ya ɓalle a babbar hanya yana iya halaka wanda ke biye.

Saboda haka abin da ake fara bincika shi ne irin rufin. Da yawa daga cikinsu siririn katako ne aka shimfiɗa wa roba a sama. A nan dole sukuru ya shiga cikin katakan da ke tallafe da rufin daga ƙasa, domin siririn katakon kaɗai ba ya riƙe sukuru sosai. Gam ba shi da amfani a irin wannan rufi, tunda robar kawai zai kama, ita kuwa robar iska na iya ɗaye ta. A rufin faiba ko na alminiyom mai santsi ne wasu ke amfani da gam mai ƙarfi ba tare da huda ba, bayan sun goge wurin tas.

Kowace huda ƙofar yoyo ce. Ruwan da ya shiga ba ya nuna kansa da wuri. Yakan ruɓar da katako a ɓoye, sai mai ɗakin ya ji rufi ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarsa. Don haka ake sanya danƙo a ƙarƙashin kowace ƙafar farantin, a kuma malala wani a kan sukurun, haka ma inda waya ta ratsa zuwa ciki. Ana duba wannan danƙo lokaci-lokaci, domin rana na tsattsaga shi.

Akwai farantai masu lanƙwasuwa, marasa nauyi, da ake mannawa kai tsaye, kuma sun dace da rufi mai doro irin na kamfanin Airstream. Illarsu zafi. Ana auna ƙarfin faranti ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri ɗaya na rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Wanda aka ɗaga shi kaɗan iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa. Wanda aka manna kuwa yana gasuwa, kuma galibi bai kai ɗan'uwansa daɗewa ba.

Inuwa ma matsala ce a rufin da na'urar sanyaya ɗaki da tagar iska suka riga suka cika. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar sarƙa, don haka inuwa a ɓangare ɗaya na iya rage wutar da yawa.

Daga faranti wuta kan bi ta na'urar daidaita caji kafin ta isa batir mai bolt 12. Ana fara haɗa batir da na'urar kafin a haɗa faranti, a kuma sa fiyus kusa da batirin don gudun gobara. A lissafi, wat 200 cikin sa'o'i biyar na rana mai kyau zai ba da wat-awa 1,000, amma a aikace ba ya kaiwa. Hakan ya wadatar da fitilu da fanka da cajin waya da ƙaramin firji. Mai burin kunna na'urar sanyaya ɗaki da wannan ya yi kuskuren lissafi, domin ita kaɗai kan ci fiye da wat 1,000.

A Arizona rana kan yi ƙasa-ƙasa a watan Disamba, shi ya sa wasu ke sa ƙafafun da ke karkata faranti idan an tsaya, a kwantar da shi kafin a tashi. A Najeriya rana na bi ta kusa da tsakar ka duk shekara, don haka farantin da ke kwance a kan motar asibitin tafi-da-gidanka ko shagon kwantena ba ya asara sosai ta wannan fuska. Abin da ke cin wutarsa a nan shi ne ƙurar hunturu, wadda ke zama daram a kan faranti kwance har sai an hau an wanke shi.