D5 Ba Panadol Ba Ce

Sau uku ke nan cikin mako guda ana turo saƙon nan zauren WhatsApp na danginmu. Muryar wani mutum ce, ya buɗe da sallama da salati, ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, amma bai faɗi sunansa ko inda yake aiki ba. Shawararsa ita ce: duk wanda damuwa ta hana barci, ko gabansa ke yawan faɗuwa, kada ya wahalar da kansa zuwa asibiti. Ya je kemis ya ce a ba shi D5, ya sha ƙwaya ɗaya kowane dare. Wai kamar Panadol take, ran da ka ga dama sai ka daina. Ya rufe da roƙon a yaɗa saboda Allah.

Ba duka maganarsa ce ƙarya ba, shi ya sa take shiga kunne. Ya ce likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, kuma haka ne: ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Ya ce addu'a na sanyaya zuciya, wannan ma babu musu, sai dai addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba. Cewa asibitin ƙwaƙwalwa na masu yawo tsirara ne kawai, wannan shaci-faɗi ne. Je ka ga layin, za ka tarar da malamai da 'yan kasuwa da masu jego. Batun da ya kawo na haɗawa da tiramadol don samun karsashi kuwa, tiramadol maganin kashe zafin ciwo ne mai sa kamu, kuma yana jawo jijjiga.

Inda ɓarnar take shi ne kwatanta D5 da Panadol. D5 sunan da aka laƙaba wa diazepam mai miligiram 5 ne, wanda ya shigo kasuwa a 1963 da sunan Valium. Aikinsa shi ne rage kaifin ƙwaƙwalwa, jiki ya saki, barci ya zo. Daren farko mutum zai yi barcin da ya daɗe bai yi ba, ya tashi yana sa wa mai saƙon albarka. Nan tarkon yake. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da shi cikin 'yan makonni, shi ya sa likitoci ba su cika wuce mako biyu zuwa huɗu suna bayar da shi don damuwa ko rashin barci ba. Bayan nan ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku.

Na ga wannan a gidanmu. Lokacin da goggona take takaba barci ya ƙaurace mata, sai wata maƙwabciya ta kawo mata ƙwayoyin a ƙulle cikin leda, don tausayi. Wata shida tana sha, babu wanda ya sani. Mun dai lura tana yawan mantuwa, ta ɗora tukunya ta bar ta har ta ƙone, ta kuma taɓa faɗuwa da asuba a hanyar alwala, buta a hannu. Muka ce tsufa ne da baƙin ciki. Sai ta je biki ƙauye, ƙwayar ta ƙare. Kwanaki kaɗan hannunta ya fara rawa, zufa na karyo mata, ƙaramin motsi ya firgita ta, daga bisani ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga. Mutanen gidan suka ce iska ce. A asibiti likita ya yi ta tambaya a hankali, har ta ce da ni, "Ɗana, buɗe jakar nan, akwai wata takardar magani a ciki." Da ya ga fankon sai ya girgiza kai.

Ga amsar "ran da ka ga dama ka daina." Wanda jikinsa ya saba, yanke shan maganin rana ɗaya na iya jefa shi cikin jijjigar da kan yi kisa. Ba kowa ne ke kaiwa nan ba, akwai masu sha na ɗan lokaci su rabu lafiya. Amma yawan abin da aka sha da tsawon lokacin su ne ke ƙara haɗarin, kuma mai kemis ba ya lissafa maka su. Idan aka haɗa da kodin ko tiramadol ko giya, numfashi na iya yin ƙasa har ya tsaya mutum na barci.

Sannan ƙwayar ba ta taɓa tushen ciwon. Faɗuwar gaba da rashin barci alamu ne, kamar zazzaɓi. Ƙila ciwon damuwa ne, wanda diazepam ba ya warkarwa. Ƙila ƙwayar maƙoshi mai haddasa maƙoƙo ce ke aiki fiye da kima, wanda gwajin jini ke nunawa. Ƙila kuma ciwon nan ne mai kai mutum ƙasa ya dawo da shi sama, wanda shan maganin damuwa irin su amitriptyline barkatai kan iya tunzura shi. Murya a waya ba ta iya bambance waɗannan.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Wanda ya kwana idonsa biyu, ga tsadar kuɗin mota, ga tsoron a ce a gidansu akwai taɓin hankali har a fasa auren 'ya'yansa, duk abin da aka miƙo masa zai karɓa. Haushina na kan wanda ya ari rigar ma'aikacin lafiya ya saki magana ya ɓoye sunansa. Ranar da aka kwashi wani zuwa asibiti, ba za a gan shi ba.

Idan kana shan ta yanzu, kada wannan rubutu ya sa ka watsar da ita yau. Ɗauki fankon ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar nawa kake sha da tun yaushe. Da kaɗan-kaɗan ake ragewa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, kuma likitan babban asibiti mafi kusa ma ya isa a fara da shi. Wanda kuwa ya fara jin gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

Goggo ta ɗauki watanni kafin a raba ta da ƙwayar, aka kuma yi mata maganin ainihin damuwar. Yanzu tana barcinta. Da saƙon ya sake shigowa jiya, ita ce ta fara amsawa, da muryarta: "'Ya'yana, ku goge shi. Ni na sha, na sani."