Ɗanyar Zuma da Zumar da Ta Sha Wuta

Zancen yau a kan zuma ne, da bambancin da ke tsakanin ɗanyarta da wadda aka dafa aka tace. Dalilin ta da zancen kuwa shi ne gardamar nan da ba ta ƙarewa a bakin rumfunan masu sayar da ita, tun daga kasuwar Kurmi ta Kano har Damagaram da Ngaundare. Mai saye ya kan ɗaga kwalba ya duba ta a hasken rana, in ya ga ta yi garau ya ce ta gaske ce, in ya ga ta yi dishi-dishi ko ta daskare ya ce an zuba mata sukari. Alhali kuwa sau da yawa wadda ya ƙi ɗin ita ce ta ƙwarai.

Sai a fara da asalin abin. Ƙudan zuma ya kan tsotso ruwan fure, wanda ya ke tsararo ne mai ɗan zaƙi, ya gauraya shi da wani sinadari na cikin jikinsa mai farfasa sukari, sa'an nan ya zuba shi a ramukan saƙa. 'Yan'uwansa su yi ta fifita da fukafukansu har ruwan ya ƙafe, ya rage kamar kashi 18 cikin 100, kāna su toshe bakin ramin da kaki. Wannan toshewa ita ce shaidar zuma ta nuna. Zafin cikin amya kuwa wajen digiri 35 ya ke tsayawa, watau bai ma kai zafin jikin mutum ba. To, abin da aka tatsa daga irin wannan saƙa, aka bi da shi ta ƙyalle ko rariya don a fid da kaki da matattun ƙuda, ba a kai shi ga wuta ba, shi a ke kira ɗanyar zuma.

Ita kuwa zumar ma'aikatu, wadda a ke ɗurawa a kwalabe da takarda a jiki, galibi a kan ɗumama ta har digiri 60 ko 70, wani lokaci fiye. Suna da hujjarsu. Zafin yana kashe ƙwayoyin da ke sa ta tsami, yana narkar da 'yan tsakuwoyin sukari don kada ta daskare a kanti, yana kuma tsinka ta don ta bi ta matata mai ƙananan idanu. A nan ne ƙurar fure ke fita, wadda da ita masana ke gane itacen da zumar ta fito da ƙasarta. Ƙanshi ya kan ragu. Haka kuma sinadaran nan na jikin ƙuda, waɗanda wuta ke saurin lalatawa, a cikinsu har da wanda ke taimakon zuma wajen kashe ƙwayoyin cuta a miki. Amma a yi adalci. In ba a ƙara mata kome ba, zuma ce har yanzu, zaƙinta da ƙarfin da ta ke sa wa jiki suna nan yadda su ke, ba kuma guba ta zama ba kamar yadda waɗansu masu talla ke faɗi.

Inda jama'a ke ruɗewa shi ne zaton duk zumar da ta fito daga ƙauye ɗanya ce. Mai amya ya kan saƙa ta da kara ko ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya ɗora a kan ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya. In lokacin ɗiba ya yi sai ya hau da dare da yayi mai ci da wuta, zama shan zuma sai da harbi, ya kori ƙudan da hayaƙi, ya kwaso saƙa gaba ɗaya, nunanna da wadda ba ta nuna ba, har da mai 'ya'ya a ciki. Da yawansu in sun sauko sai su zuba duka a tukunya ko garwa su ɗora a murhu, kakin ya narke ya taso sama, a kwashe. Wannan dafuwa ta fi ta ma'aikata tsanani nesa ba kusa ba, domin can da ma'auni a ke yi, nan kuwa sai abin da itace ya ga dama. Baƙin nan da ɗacin ƙauri da waɗansu ke yabo, suna cewa alamar zumar daji ce, sau da yawa alamar ƙuna ce kawai. Gaskiya ne akwai zuma mai duhu tun asali, gwargwadon furen da ƙudan ya ci, amma ita ba ta warin hayaƙi. Ba banza ba mutanen dā suka fifita farar saƙa, domin ita ce sabuwar saƙa wadda ba a yi 'ya'ya a cikinta ba, wuta kuma ba ta taɓa ta ba.

Masana suna da hanyar gane zumar da ta sha zafi. Akwai wani sinadari da a ke taƙaita sunansa da HMF, wanda kusan babu shi a sabuwar zuma, yana kuwa ƙaruwa da wuta da daɗewa. Hukumar Codex, wadda ke ƙarƙashin hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa ƙa'idar zuma a 1981, ta gyara ta a 2001. Ta ce kada HMF ya wuce miligiram 40 a kilo ɗaya, sai zumar ƙasashe masu zafi da aka yi wa rangwame zuwa 80, ruwa kuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Sai fatake su lura, jarkar da ta wuni a rana a bakin tasha wata da watanni tana dahuwa ne a hankali, ko da ba a kai ta murhu ba.

Maganar ruwan nan babba ce. Zumar da aka ɗebo ba ta nuna ba, ko aka ƙara mata ruwa don ta auku, ta kan yi kumfa, ta yi tsami, har ta kumbura jarka. In aka bar ta a haka hanyar giya ta kama. Malamai sun san bit'u, giyar zuma ta mutanen Yaman na dā, da haramcin da ya zo a kanta, a Habasha kuma har yau da zuma a ke yin giyar da su ke kira teji.

Daskarewa kuwa ba aibi ba ce. Ɗaya daga cikin sukarin nan na zuma ɗabi'arsa ce ya dunƙule in an daɗe, musamman da hunturu, ɗanyar zuma kuma ta fi saurin yin haka. Farar zumar Oku ta ƙasar Kamaru, wadda aka yi wa rajistar sunan asali a 2013, kauri gare ta kamar man shanu, tana kuwa cikin masu tsada. Wanda tasa ta daskare sai ya tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa.

Saura algus, wanda shi ne babban bala'in wannan sana'a. A kan narka sukari ko mazarƙwaila a gauraya, a ma'aikatun waje kuma a kan yi da ruwan sukarin shinkafa ko na masara. A 2023 Tarayyar Turai ta fid da rahoto a kan kaya 320 na zumar da aka shigo da ita daga waje, aka sami 147, watau kashi 46 cikin 100, ana tuhumarsu da gauraye. In masu ɗakunan bincike sun sha wuya kafin su gane, ina ga mai gwadawa da ashana, ko ɗigawa a ruwa, ko a kan rairayi? Waɗannan gwaje-gwaje kauri kaɗai su ke nunawa, ruwan sukari mai kauri ya kan tsallake su duka. Cewa kiyashi ba ya shan zumar gaske kuwa tatsuniya ce. Hukuncin a wurin malaman fiƙihu a fili ya ke: algus haramun ne, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in ya ɓoye mai saye yana da ikon mayarwa. Wanda ya sayar da dafaffiya da sunan ɗanya, ya karɓi kuɗin ɗanya, shi ma ya shiga wannan babi, ko da bai zuba sukari ko ƙwaya ɗaya ba.

Suratun Nahli ta ambaci waraka a cikin zuma, wannan ya sa a ke neman ta don tari da miki da haɗin rubutu. Sai dai akwai mutum biyu da ya kamata a kiyaye. Mai ciwon sukari ya sani kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ɗanya ko dafaffiya. Na biyu shi ne jariri. Akwai wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da kan faɗa a zuma, ba ta cutar da babba, amma a hanjin yaron da bai cika shekara ɗaya ba ta kan tsiro ta fid da dafi mai shanye jiki. Likitocin Amurka suka fara tantance wannan ciwo a 1976, dafuwar ma'aikata kuwa ba ta kashe ƙwayar, saboda haka ɗanya da tatacciya duk ɗaya ne a nan. Ungozoma ko kakar da ke lasa wa jariri zuma ranar haihuwa sai a tuna mata cewa da dabino aka ruwaito tahniki. In kuwa an riga an ba yaro, aka ga ya daina bayan gida, ya kasa tsotson mama, kukansa ya raunana, wuyansa ya saki, sai a kai shi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita cewa ya sha zuma.