Kuka da Kukkuki: Suna da Zumunci

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu magani a Kasuwar Kurmi, gefen Jakara, zai tarar da saiwoyi da ɓawon itatuwa iri-iri, kowane da sunansa. Sai dai ɗalibanmu da yawa suna riƙe da sunan, ba su san itacen ba. Wannan ya sa aka ga ya dace a yi ɗan bayani kan biyu daga ciki.

Tun 1916 J. M. Dalziel ya kawo kuka da kukkuki cikin ƙamusunsa na tsirran ƙasar Hausa. A ganina, ninki ne aka yi wa "kuka" aka sami "kukkuki", wato abin da ya ɗauko kamarta bai kai ta ba. Da rani kuwa dukansu kan kaɗe ganye su tsaya tsirara, sai kamar ta ƙaru.

Ganyen kuka rarrabe yake kamar yatsun hannu, galibi biyar zuwa bakwai. Na kukkuki ɗaya ne, mai faɗi da gashi-gashi. A nan akwai tarko, domin kuka tana ƙarama ganyenta ɗai-ɗai yake fita, sai ta tasa yake rabuwa. Saboda haka 'ya'ya suka fi zama shaida. Ɗan kuka reto yake yi a doguwar tsinka, ba ya buɗewa sai an fasa. Na kukkuki kan zo uku zuwa biyar a haɗe, su tsage da kansu, cikinsu da gashi mai ƙaiƙayi. Ɓawon kukkuki yana saɓulewa falle-falle, yana fid da ƙaro, kuma ya fi son wuri mai duwatsu.

Abin mamaki, binciken ƙwayoyin gado da ya sake tsara dangogin tsirrai daga 1998 ya haɗa su gida guda, Malvaceae, amma ɗaki daban. Kuka tana tare da rimi da gurjiya. Kukkuki kuwa, Sterculia setigera, ya fi kusa da goro, da kuma itatuwan Brachychiton na Ostireliya, irin su kurrajong da itace mai siffar kwalba na jihar Queensland, wanda tumbinsa kan sa baƙo ya rantse kuka ce. Kukar Ostireliya ta ainihi, Adansonia gregorii, can arewa maso yamma take.

Wannan bai rushe sunan Bahaushe ba: shi siffa ya duba, su kuma asali. Laifin yana kan mai fassara da zai rubuta cewa kukkuki ƙaramar kuka ce.